Abdulkarim Baƙon Gazawa: Rayuwar Heinrich Barth (1821–1865)

Gabatarwa

A watan Janairun 1851 wani ayarin Abzinawa mai ɗauke da gishirin Bilma ya sauka a bakin garin Gazawa, wanda yake a jihar Maraɗi ta yau, kan hanyar da ta tashi daga Tasawa ta nufi Agye. A cikin ayarin akwai wani Bature ɗan shekara ashirin da tara, sanye da tufafin ƙasa, abokan tafiyarsa suna kiransa Abdulkarim. Ba shi da runduna, dukiyarsa ta kusa ƙarewa, kuma addininsa dabam ne da na Musulmin ayarin, dabam da na Aznan garin. Abin da yake da shi shi ne Larabci mai kyau, da Hausar da ya tsinta a hanya, da littafin da yake rubuta duk abin da ya ji. Sunansa na yanka Heinrich Barth, mutumin Jamus. Ya yi shekara biyar da watanni yana yawo tsakanin Tarabulus, Tafkin Cadi da Tambutu, ya koma gida da ransa, alhali Turawa biyun da suka fito tare da shi sun rasu a hanya. Ɗalibin ilimin harsuna yana da dalili biyu na sanin tarihinsa: yana cikin mutanen farko da suka tattara kalmomin harsunan wannan yanki suka kwatanta su, kuma rayuwarsa ta nuna yadda harshe yake zama matattakalar zama da mutanen da asali bai haɗa ka da su ba.

Haihuwa da karatu

An haifi Barth ran 16 ga Fabrairu 1821 a birnin Hambug. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne da ya tashi cikin rashi ya yi arziki da guminsa, ya kuma ƙudura cewa ɗansa zai yi karatu mai zurfi. Yaron ya tashi ba mai yawan abokai ba, littafi ya fi ɗauke masa hankali. A 1839 ya shiga jami'ar Balin, inda ya yi karatu a wurin Karl Ritter masanin labarin ƙasa da August Böckh masanin harsuna da tarihin Girkawan dā. Ya sami digirin digirgir a 1844 da bincike kan cinikayyar tsohon birnin Koranti.

A 1845 ya je Landan ya ƙara ƙarfafa Larabcinsa, daga nan ya kama wata doguwar tafiya ta gefen Bahar Rum: Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Sham, Turkiyya da Girka. A kusa da iyakar Masar ƴan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka kwashe yawancin rubuce-rubucensa. Wannan tafiya ta kusan shekara uku ce ta koya masa zama da Musulmi, da gaisuwarsu, da abin da suke girmamawa. Da ya dawo ya fara koyarwa a jami'a, sai dai ɗalibai ba su yi dafifi a ajinsa ba. Saboda haka da labari ya zo cewa gwamnatin Ingila tana neman masani da zai raka James Richardson zuwa tsakiyar Afirka, bai yi nauyin ƙafa ba. Aka haɗa su da wani Bajamushen, Adolf Overweg, masanin duwatsu. Manufar tafiyar ita ce ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da binciken hanyar da za a bi a kawo ƙarshen fataucin bayi ta hamada.

Makarantar ayari

Sun bar Tarabulus a ƙarshen Maris 1850, suka bi ta Murzuk da Gat. Kusa da Gat Barth ya yi gangancin hawa dutsen Idinen shi kaɗai, ruwansa ya ƙare, ya ɓata, har ƙishirwa ta sa ya tsotsi jininsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya same shi a kwance ya cece shi. A iyakar Abzin kuma wasu mahara suka tsare su, suka ce ko su musulunta ko a kashe su. Suka ƙi, sai da suka ba da kaso mai yawa na kayansu kafin a sake su.

A cikin waɗannan watanni na tafiyar raƙumi ne ya fara koyon Hausa. Abzinawan Kel Owi da bayinsu da barorinsu suna jin Hausa sosai, ita ce harshen ciniki da na zango. Barth yakan zauna da masu jan akala da masu dafa abinci, ya tambayi sunan itace, sunan rijiya, sunan kayan raƙumi, ya rubuta, gobe ya maimaita a gyara masa. A Oktoba 1850 ya shiga Agadas, ya gaida Sarki Abdulƙadir, ya kuma lura cewa harshen mutanen garin dangin Songai ne, abin da binciken baya ya tabbatar. Tun daga nan aka ga salon da zai bi har ƙarshe: ya fara gaida mai gari, ya ba da kyauta gwargwadon hali, ya nemi malamai da fatake, ya saurara fiye da yadda yake magana.

Tasawa, Gazawa da dajin iyaka

A Damargu, cikin Janairun 1851, Turawan uku suka rabu da niyyar haɗuwa a Kukawa. Richardson ya nufi Damagaram, Overweg ya yi yamma zuwa Maraɗi da Gobir, Barth ya bi ayarin gishiri zuwa kudu.

Ƙasar da ya shiga tana cikin wani hali na musamman. Bayan da jihadi ya ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi hijira zuwa arewa, daga bisani Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sun kafa sabon birni a Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, a cikin gundumar Gidan Rumji ta yanzu. Maraɗi da Tsibiri suka zama ƙawaye, suna kai hari ƙasashen daular Sakkwato, ana kawo musu. Garuruwa irin su Tasawa da Gazawa suna ɓangaren wannan ƙawance. A cikinsu akwai Katsinawan da suka yi hijira, da Aznan da aka tarar, da malamai Musulmi, da Abzinawan da suke da gidaje da gonaki, da fataken Larabawa masu wucewa. Sarautar Maraɗi ta rayu ne domin Musulmin fada da masu addinin gargajiya na karkara sun yarda su jingina da juna, kowa ya bar wa ɗan'uwansa hurumin ibadarsa.

Tasawa ce babban garin Hausa na farko da Barth ya gani, kuma ya shiga ransa. Ya bayyana gidaje masu darni da inuwar itatuwa, da rumbuna, da marina, da kasuwar da ake sayar da komai har soyayyar fara. Abin lura shi ne yadda ya rubuta labarin: ya kira abubuwa da sunayensu na Hausa, ya kwatanta mutanen a matsayin masu sana'a da iyali da nishaɗi, a zamanin da yawancin marubutan Turai ba sa ganin komai a Afirka sai duhu. A Gazawa ya tarar da gari mai kafi na itace da gwalalo mai zurfi, domin shi ne na ƙarshe kafin a shiga ƙasar abokan gāba, kuma mazaunansa da yawa ba Musulmi ba ne. Bai raina su saboda haka ba. Ya yaba ƙarfinsu da tsayuwarsu kan kare ƴancinsu, ya kuma fahimci cewa zaman ɗar-ɗar na yaƙi ne ya sa fuskokinsu suka fi na Tasawa tsanani.

Daga Gazawa ayari ya kutsa dajin da ya raba ɓangarorin biyu, daji mai hatsari da ba a kwana cikinsa da son rai. Suka wuce kufan Ɗankama, inda Sarkin Katsina Magajin Halidu ya gamu da ajalinsa bayan faɗuwar birninsa. Barth ya ji labarin daga bakin waɗanda aka ci da yaƙi kafin ya ji shi daga bakin waɗanda suka ci, kuma ya rubuta duka biyun. Overweg, a nasa ɓangaren, ya sami kyakkyawar tarba a Maraɗi da Gobir, sai dai ya rasu bai tsara rubutunsa ba, shi ya sa labarin da ya rage na wannan yanki a wancan lokaci yawancinsa na Barth ne.

A Katsina ya gamu da jarrabawa ta farko shi kaɗai. Sarki Muhammadu Bello ya riƙe shi kwanaki yana neman kyauta mai tsoka, wani mutumin Tuwat mai suna Bel-Get kuma ya dame shi da kiransa kafiri. Barth bai mayar da zagi ba, bai kuma ɓoye addininsa ba. Ya zauna da mutumin suka yi muhawara, ya nuna masa cewa shi ma mai kaɗaita Allah ne, ya san Alƙur'ani da tarihin Annabi. Gabar ta huce, har da ya dawo Katsina bayan shekara biyu suka gaisa gaisuwar abokai. Duk da wahalar da ya sha a garin, ya rubuta cewa a Katsina ne Hausa ta fi wadatar siga da daɗin furuci. Ya isa Kano ran 2 ga Fabrairu 1851, da zazzaɓi da bashi a kansa, amma hakan bai hana shi zagaya birnin a kan doki ba. Ya ƙiyasta mazaunanta dubu 30, suna ninkawa a lokacin fatauci, ya kuma bayyana yadda saƙa da rini na Kano suke tufatar da mutane har Tambutu da Murzuk.

Borno da makwabtanta

Richardson ya rasu a Ngurutuwa a farkon Maris 1851, kafin ya kai Kukawa. Barth ya isa can ran 2 ga Afrilu, ya sami karɓuwa wurin Shehu Umar da wazirinsa Alhaji Bashir, ya shiga koyon Barbarci. Daga Kukawa ya je Adamawa, ya ƙetare Binuwai ran 18 ga Yuni, amma Lamiɗo Lawal ya sallame shi daga Yola bayan ƴan kwanaki, domin ya zo da rakiyar mutanen Borno alhali akwai rikicin iyaka tsakaninsu. Wannan ya koya masa cewa ana auna baƙo da wanda ya rako shi.

A nan ne kuma tarihinsa yake da tabo. Domin ya ga ƙasashen kudu da Tafkin Cadi, ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, yaƙin da ya zama farautar bayi. Ya ga an ƙone garuruwa, an yanka maza, an kora dubban mata da yara. Ya rubuta abin da ya gani ba tare da sassautawa ba, ya yi wa waziri magana a kai, amma ya ci gaba da zama baƙon fadar da ta aikata hakan. Masu nazarin rayuwarsa har yau suna sāɓani kan ko neman sani ya isa hujjar wannan rakiya. Iya zama da kowa yana da farashi, wani lokaci kuwa wasu ne suke biya.

A Bagarmi, cikin 1852, an yi masa zaton ɗan leƙen asiri har aka sa shi a mari na ƴan kwanaki. A Masenya kuma ya sami wani makahon malami Bafillace, Faki Sambo, wanda ya yi karatu a Masar, ya san Aristo da Aflatun. Suka riƙa yini suna hira kan tarihin Andalus da rassan ilimi. A watan Satumba na wannan shekara Overweg ya rasu a Maduwari, bakin tafki. Barth ya rage shi kaɗai, sai ya yanke shawarar nufar Tambutu.

Sakkwato, Gwandu da Tambutu

Ya bar Kukawa a Nuwamba 1852 tare da amintaccen baransa Muhammadu mutumin Gatrun, da yara biyu da Overweg ya ƴanta: Dorugu, Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega, Bamargi. Suka bi ta Damagaram, suka sake ratsa ƙasar iyaka zuwa Katsina a farkon 1853, lokacin da ake ta jin ƙishin-ƙishin harin Gobirawa. Ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya ba shi izinin tafiya da takardar amincin fatake. A Wurno da Sakkwato ya zauna da malamai, cikinsu har da Abdulƙadir ɗan Tafa, ya karanta rubuce-rubucen Muhammadu Bello da Abdullahi ɗan Fodiyo. A Gwandu aka ba shi aron Tarikh al-Sudan, ya kwashe kwanaki yana kwafar sassansa. Ya yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman al-Sa'adi ne, amma ta hannunsa ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songai daga alƙalamin ƴan ƙasa.

Ya ƙetare Kwara a Sayi cikin Yuni 1853. Daga can zuwa Tambutu, a ƙasar da take ƙarƙashin ikon Hamdallahi, ya ɓoye addininsa ya fito a matsayin sharifi daga Sham mai kai wa Shehu littattafai. Wannan ne kaɗai wurin da ya yi haka a duk tafiyar, kuma da ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba asiri bai daɗe ba ya tonu. Sarkin Masina Ahmadu Ahmadu ya aiko a miƙa shi ko a kore shi. Wanda ya tsaya masa shi ne Shehu Ahmad al-Bakkay, jagoran Kunta kuma babban malamin Ƙadiriyya. Shehun ya rubuta wa Hamdallahi doguwar wasiƙa yana kafa hujja da shari'a cewa baƙon da ya shigo da aminci, daga ƙasar da ba ta yaƙi da Musulmi, jininsa da dukiyarsa haramun ne. Ya fitar da shi zuwa zangonsa a bayan gari, ya tara Abzinawa su kare shi, ya jefa kansa da iyalinsa cikin hatsari saboda mutumin da ba addininsu ɗaya ba. Watanni suka shuɗe suna muhawara kan Annabi Isa da Annabi Muhammadu, da littattafai, da siyasar duniya, ba wanda ya ja ɗaya zuwa addininsa, ba kuma wanda ya fasa girmama ɗaya. Da lokacin tafiya ya yi a 1854, Shehun da kansa ya raka shi har Gawo.

A Turai an riga an ba da labarin mutuwarsa. A Disamba 1854, cikin wani daji kusa da Bundi, ya yi kiciɓis da Eduard Vogel, wanda aka aiko domin ya taimaka masa. Ya ƙetare hamada ta Bilma, ya isa Tarabulus a ƙarshen Agusta 1855, ya shiga Landan ran 6 ga Satumba, bayan tafiyar da ta haura kilomita 15,000.

Aikinsa kan harsuna

Labarin tafiyarsa ya fito cikin juzu'i biyar da Ingilishi da Jamusanci a 1857 da 1858, shafi wajen 3,500. A ciki akwai jerin sarakuna, da hanyoyin fatake zango-zango, da labarin Hausa Bakwai da Banza Bakwai, da jerin kalmomin Buzanci. Tsakanin 1862 da 1866 kuma ya fitar da kundin kalmomi da nazarin nahawu na harsuna tara: Barbarci, Teda, Hausa, Fillanci, Songai, Logone, Wandala, Bagarmi da Maba. Ya gano dangantakar Barbarci da Teda, wadda masana suka amince da ita daga baya. Aikin yana da giɓi: bai gane karin sautin Hausa ba, kunnensa kuma bai rarrabe baƙaƙe masu lanƙwasa da takwarorinsu yadda ya kamata ba. Duk da haka, kalmomin da ya rubuta shaida ce ta yadda ake magana a tsakiyar ƙarni na 19, kuma ya same su ne daga bakin masu harshen, a kasuwa da zaure da zango.

Wata gudummawar ta zo ta hanyar da bai shirya ba. Ya tafi da Dorugu da Abbega Ingila, inda suka zauna wurin J. F. Schön, ɗan mishan mai nazarin Hausa. Dorugu ya ba Schön labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da dama, waɗanda suka zama ginshiƙin nahawun Schön na 1862, da ƙamusunsa na 1876, da littafin Magana Hausa na 1885. Barth ya ji haushin yadda aka riƙe yaran, domin ya yi alkawarin mayar da su gida, har suka ɓata da Schön. Abbega ya koma a 1857, daga baya ya yi sarauta a Lakwaja. Dorugu ya dawo a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Ƙarshen rayuwa

Abin mamaki, mutumin da ya iya zama da Abzinawa da Barebari da Fulani da Larabawa bai iya zama da nasa ba. Yana da saurin fushi da zargi, ya yi ta samun sāɓani da jami'an Ingila da masanan Landan. Ingila ta ba shi lambar girma, amma ba ta cika alkawuran da ya ɗaukar wa al-Bakkay da sunanta ba, abin da ya dame shi ƙwarai. Littattafansa ba su yi kasuwa kamar na Livingstone ba, domin sun cika bayani, kuma sun zo da labarin da ba a shirya ji ba, wato cewa Afirka tana da dauloli da malamai da rubutaccen tarihi. A Jamus sai 1863 ya sami kujerar farfesa a Balin, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana labarin ƙasa ta birnin. Bai yi aure ba. Ya rasu ran 25 ga Nuwamba 1865 da ciwon ciki, yana da shekara 44. A wannan shekarar ce Shehu al-Bakkay shi ma ya rasu.

Kammalawa

Bayan mutuwarsa da shekara talatin da ƴan kai, Faransa da Ingila suka raba ƙasashen da ya ratsa, suna duba taswirorinsa da bayanansa. Yarjejeniyoyin 1890 zuwa 1906 suka bar Tsibiri, Maraɗi, Agye, Gazawa da Tasawa a hannun Faransa, Katsina da Kano a hannun Ingila, dajin da ya ƙetare da ayarin gishiri ya zama iyakar ƙasa da ƙasa. Ilimin da aka ba shi bisa amana ya yi wa waɗanda ba su zo da amana ba amfani, ko da yake shi bai rayu ya ga haka ba.

Abin da ya fitar da shi daga hatsari sau da yawa halaye ne da Bahaushe ya san sunayensu: gaisuwa, haƙuri, kunya, cika alkawari, da girmama abin da wani yake girmamawa. Sai dai rabin labarin ne kawai nasa. Ɗaya rabin na waɗanda suka karɓe shi ne: Buzun da ya bi sawunsa a Idinen, mutanen Tasawa da Gazawa da suka bar shi ya zagaya garinsu yana tambaya, makahon malamin Masenya, da Shehun Tambutu da ya ɗauki kare baƙo a matsayin hukuncin addini. Mai nazarin harshe da zai ɗauki littafi da na'urar naɗar murya ya shiga ƙauyukan Agye ko Gidan Rumji a yau, baƙo ne shi ma, kuma kalmomin da zai dawo da su amana ce ta mutanen da suka ba shi tabarma da ruwa.